Gyaɗa na neman kashe mini yaro, makaranta ta ce ba za ta hana ta ba

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara shida, yana aji ɗaya a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano. Tun yana shekara uku muka lura duk ranar da ya sha kunun gyaɗa sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, sai muka daina ba shi. A zangon da ya wuce, lokacin tara, wani abokinsa ya gutsura masa ƙuli-ƙuli. Leɓensa ya kumbura, ya yi amai, numfashinsa ya fara yin ƙara. Malamarsu ta ba shi Piriton, ta kai shi ofis ta zaunar, sannan ta kira ni. Kafin in samu adaidaita in isa an yi minti arba'in. Likitan da ya karɓe mu ya yi masa allura nan take, ya ce Allah ne ya tsare, kuma na gaba zai iya fin wannan muni. Na roƙi hedimasta ya hana shigo da gyaɗa makarantar, ya ce ba zai yiwu ba. Da na yi magana a zauren WhatsApp na iyaye, wata ta ce ita ba ta taɓa jin Bakanon da gyaɗa ke kayarwa ba. Surukata kuma cewa take tsirfa ce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba. Maigidana ya ce ko in haƙura ko a canza masa makaranta. Ni ko barci ba na iya yi. Me zan yi?

Maman Walid, Kano

Wa alaikumus salam, Maman Walid. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara wa Walid lafiya, ya raya mana shi.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk lokacin da na zo kan minti arba'in ɗin nan sai gabana ya faɗi. Ke kin sa ido a kan ƙuli-ƙulin. Ni abin da ya hana ni sakat shi ne yaro yana zaune a kan bencin ofis, maƙogwaronsa yana toshewa, manya suna kewaye da shi suna jiran uwarsa ta zo. Can ne makarantar ta yi sake, can kuma nake so ki kai ƙarfinki.

Abin da ya sami Walid likitoci na kiransa anafilaksis. Garkuwar jikinsa ce take ɗaukar sinadarin furotin da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai ta tashi da faɗa gaba ɗaya: hanyar numfashi ta kumbura ta matse, jijiyoyin jini su saki, jini ya yi ƙasa. Yakan fara cikin 'yan mintuna bayan an ci, kuma gutsure ɗaya ya isa. Piriton na rage ƙaiƙayi da borin fata, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya sauka. Maganin farko shi ne allurar adirenalin a gefen cinya ta waje, kuma jinkirin yin ta na daga cikin manyan abubuwan da ake samu a labarin yaran da suka rasa ransu ta wannan hanya. Ba na ganin laifin malamar har can. Ta yi abin da ta sani ne, babu wanda ya taɓa koya mata wani abu daban.

Yanzu zancen hana gyaɗa. Zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: hedimasta ya yi gaskiya. Na yi koyarwa a firamare, na san yadda tara take. Da an kaɗa ƙararrawa za ki ga yara sun yi dafifi a bakin get, kowa da kuɗin tararsa a dunƙule a hannu. Ga mai gyaɗa da farantinta, ga mai hallaka-kwabo, ga mai awara tana barbaɗa yaji, ga mai ɗanwake tana tsiyaya mai daga kwalba. A cikin aji kuma kula talatin ce aka buɗe, kowace daga wani gida, kuma ko uwar da ta dafa ba lallai ta tuna da wane mai ta soya ƙosan ba. Garin da aka san shi da dalar gyaɗa tun zamanin Alhassan Ɗantata, wace takarda za a manna a bango ta kore ta? In ma hedimasta ya amsa miki don ki bar shi ya huta, abin da za ki samu shi ne allo mai cewa an hana, da malamai da suka saki jiki saboda sun ɗauka babu. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ko a ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan lalura, irin Ingila inda ake ƙiyasin kusan yaro ɗaya cikin 50 gyaɗa ba ta karɓe shi ba, hanin bai zama mafita ba. A 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a makarantun gwamnati na jihar Masacusets a Amurka. An tarar makarantun da suka hana zuwa da gyaɗa daga gida ba su samu raguwar yawan allurar gaggawa ba. Waɗanda suka ware teburin cin abinci da ba a hawa da gyaɗa su ne aka ga sauƙi a wajensu. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa, wata ɗaliba 'yar shekara 13 mai suna Sabrina ta rasu a 2003 bayan ta ci soyayyen dankali a kantin makarantarsu. Ita madara ce ba ta karɓe ta ba, kuma abin da aka ɗebo dankalin da shi ya taɓa cuku. Dokar da aka yi da sunanta a 2005 ba ta haramta wani abinci ba. Ta wajabta wa makarantu su rage hanyoyin da yaro zai haɗu da abin da ke cutar da shi, su ajiye rubutaccen tsari na kowane yaro mai irin wannan lalura, su riƙa horar da ma'aikata, ta kuma ba malami damar yin allura idan ya ga alamun, tare da kare shi daga ƙara matuƙar da kyakkyawar niyya ya yi.

Wannan duka abu ne da za ki iya nema a makarantar Walid ba tare da jiran wata majalisa ba. Amma ki fara da likita kafin hedimasta. Ki koma wajen wanda ya duba shi, ko ki nemi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki roƙi takarda shafi ɗaya mai hatimi: sunan yaro, abin da ba ya ci, alamun da za a lura da su, sunan allura da adadinta, da abin da za a yi bi da bi. Ki manna hotonsa a sama. Maganar uwa a ofishin hedimasta ana iya cewa tsoro ne, takardar likita kuwa ba a yi mata haka.

A wajen likitan ne kuma za ku warware batun allurar kanta. Akwai wadda aka yi kamar alƙalami, irin EpiPen, da ake cire murfi a danna a cinya, ko ta kan wando ne, ta zuba maganin da kanta. Yaron da nauyinsa ke tsakanin kilo 15 da 30 yawanci mai miligiram 0.15 ake rubuta masa, amma likita ne zai auna shi ya yanke. Matsalar ita ce a nan tana da wuyar samu, ga tsada, kuma wa'adinta ba ya wuce shekara ɗaya da 'yan watanni. Idan kuna da mai zuwa daga waje ko babban kantin magani da zai yi muku oda, ku nemi biyu, domin idan minti biyar ya wuce ba a ga sauƙi ba ana yin ta biyu. Idan ba ta samu ba, adirenalin na ƙaramar kwalba ana samunsa a asibitocinmu kuma ba shi da tsada. Sai dai shi zuƙa ake yi da sirinji, kuma kuskuren awo a nan haɗari ne, don haka likita ne zai rubuta adadin ƙarara, ya kuma koya wa nas ɗin makaranta ko wanda za a ɗora wa nauyin, hannu da hannu. Kada ki yarda a ce za a ruga kemis idan abin ya faru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda za a ajiye ta ma abin dubawa ne. Na san makarantunmu: duk wani abu mai daraja sai a kulle shi a durowar hedimasta, shi kuma ya tafi taro da mukulli a aljihu. Allurar nan ta zauna a wurin da babba zai ɗauko ta cikin minti ɗaya, ba kulle, yara kuma hannunsu ba ya kaiwa. Zafi yana lalata ta, ga shi a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, saboda haka ba a barin ta a mota ko a bakin taga, ba a kuma sa ta a kan ƙanƙara. Ruwanta garau yake. Idan ya sauya launi ko ya yi gurɓi-gurɓi, ta tashi aiki. Ki rubuta ranar ƙarewar wa'adinta a wayarki, kada ki bar wa makaranta wannan. A Landan a 2017 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu bayan wani ɗalibi ya jefe shi da cuku a wuya, kuma da aka ɗauko allurar da aka ajiye masa a makaranta sai aka tarar wa'adinta ya wuce.

Ranar da za ku ga hedimasta, ki tafi da Baban Walid. Ki shiga da godiya, ki ce kin janye maganar hani, ga abin da kike roƙo a madadinta. Za ki ga fuskarsa ta saki, domin kin sauke masa abin da ba zai iya ba. Ki nemi mutum uku da sunayensu, malamar aji da wasu biyu da ba sa rabuwa da makaranta, waɗanda za su koyi alamun su kuma koyi allurar. Mutum ɗaya bai isa ba, ranar da ta tafi suna ko ta kwanta zazzaɓi fa? Su san cewa kumburin leɓe ko harshe, dashewar murya, tari da ba ya tsayawa, numfashi mai ƙara, ko yaro ya yi laushi ya yi fari fat, kowanne daga ciki bayan cin abu ya isa a yi allura, ko da ba a ga borin jini a fata ba. Su san cewa yaro ɗan shekara shida ba zai ce numfashina ya toshe ba. Cewa zai yi bakina yana zafi, ko harshena yana ƙaiƙayi, ko wani abu ya tsaya mini a wuya.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kuma a wasiƙarki na ga an yi shi: an tayar da Walid an taka da shi zuwa ofis. Yaron da ke cikin wannan hali kwantar da shi ake yi a inda yake, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya yi masa wuya a bar shi ya zauna a jingine, idan yana amai a juya shi gefe. Miƙewa tsaye farat ɗaya na iya sa jinin da ke komawa zuciya ya yanke. Allurar ce za ta zo inda yake. Bayan an yi ta a ɗauke shi cak zuwa mota, a nufi asibiti mafi kusa, ko da ya warware yana dariya, domin abin yakan dawo bayan wasu awanni. A kira ki ana kan hanya. Ku tsayar tun yanzu wace mota ce, wane direba, wane asibiti, kuma ki je asibitin da ƙafarki ki tambaya ko suna ajiye adirenalin. Idan Walid na da asma, ki gaya wa likita, don tana ƙara haɗarin, kuma a irin wannan rana allura ce gaba da abin shaƙa.

Na san abin da malaman za su ce, don ni ma da shi zan faɗa: idan na yi masa allura wani abu ya faru, wa zai tsaya mini? Tsoron nan gaskiya ne, kada ki raina shi. Ku rubuta takardar izini, ke da mahaifinsa ku sa hannu, cewa kun yarda waɗannan mutane su yi wa ɗanku allura idan sun ga alamun, ba sai sun same ku a waya ba, kuma ba za ku kama su da laifi ba. Likita ya gaya musu da bakinsa cewa idan aka yi ta bisa adadin da aka rubuta alhali ba a buƙata, yawanci abin da zai biyo baya bugun zuciya ne da rawar jiki da ke wucewa.

Sauran abubuwan na kullum ne, ba sa cin ko sisi. Walid ya ci abin da kika zuba masa kawai, a daina ba shi kuɗin tara. Ya riƙa zama kusa da malama lokacin cin abinci tare da abokai biyu ko uku da aka san kularsu ba gyaɗa, kada a ware shi shi kaɗai a lungu kamar mai laifi. 'Yan ajin su wanke hannu da sabulu bayan tara, a goge benci. Man goge hannu na sanitaiza ba ya cire furotin ɗin gyaɗa, sabulu da ruwa ne ke cirewa. Ranar walimar ƙarshen zango ko in wani ya kawo kek da alewa, a sanar da ke tun jiya ki haɗo masa nasa. Wani abin da zai ɗan kwantar miki da hankali: ƙamshin gyaɗa daga nesa ba shi ne ke kayar da yaro ba a mafi yawan lokuta, shigarta baki ce.

Ki kuma rubuta wa malamar inda gyaɗa take ɓuya, don ba kowa ke kawo su a rai ba. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake daka shi, haka yajin da ake barbaɗa wa awara da dankali sau da yawa. Labun kilishi gyaɗa ce. Dakuwa, kwaɗon zogale da na rama, miyar taushe, wani faten, wani dambun, duk tana ciki. Sai mai. A bakinmu kusan duk farin mai man gyaɗa muke ce masa, ko na waken suya ne, don haka tambayar ita ce wane iri. Man ƙuli na gida, wanda mata ke matsewa daga tunkuza, yana ɗauke da furotin ɗin, shi ne abin gudu. Wanda kamfani ya tace sosai hukuncinsa daban, ki tambayi likita a kansa, ki haɗa da yazawa, don wasu yaran suna haɗa biyun. Kada ki manta da Islamiyya da motar makaranta. Can ma ana rabon alewa da gyaɗa, kuma can ne ba wanda ya san labarin.

Shi kansa Walid yana da aiki, kuma a nan tarbiyyarmu take ɗan yi mana cikas. Mun koya wa yaranmu cewa ƙin karɓar abu daga hannun babba rashin kunya ne, hana aboki abinci kuma rowa ce. Yaron da ya gutsura masa ƙuli-ƙulin nan kirki ya yi, abin da uwarsa ta koya masa ke nan. Ki zaunar da Walid ki ba shi izini a fili: ko malama ce, ko kaka ce, ko liman ne ya miƙo, ya ce na gode, gyaɗa tana sa ni ciwo, sai na tambayi Mamana. Ku riƙa gwadawa a gida kamar wasa har ya zauna masa a baki. Ki tabbatar masa kuma idan ya ci wani abu bisa kuskure ba za a dake shi ba, ya faɗa nan take. Yaro mai tsoron bulala ɓoyewa yake yi, ya tafi bayan aji shi kaɗai. Malama ta yi wa 'yan ajin bayani cikin ruwan sanyi, ta kuma ja kunnensu cewa tsokanarsa da gyaɗa ba wasa ba ne.

Matar zauren WhatsApp ki bar ta. Ba ta taɓa gani ba ne, kuma gaskiya a nan ba a cika jin labarin ba. Idan an kammala tsarin, makaranta ce za ta aika wa iyayen ajin saƙo gajere, ba ke ba.

Surukarki Hajiya kuwa ba ke za ki tunkare ta ba, aikin ɗanta ne. Kuma ki yi mata adalci, maganarta tana da tushe, wurin da ta ɗora ta ne ba daidai ba. Wani babban bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya nuna cewa jariran da aka fara ba su abinci mai gyaɗa da wuri sun fi tsira daga wannan lalura da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma wannan rigakafi ne ga jaririn da abin bai riga ya kama ba. Wanda ya riga ya kamu, irin Walid, akwai hanyar sabar da jiki da ake yi a wasu ƙasashe, sai dai a gaban ƙwararren likita ake yin ta, ana farawa da awon da bai kai ƙwayar gyaɗa ɗaya ba, allura na ajiye a gefe. Cokalin kunu a ɗakin kaka ba shi ne wannan ba, kuma zai iya zama ajali. Baban Walid ya ɗauki Hajiya su je ganin likita tare, ta ji da kunnenta. Kafin nan, kada ki bar yaron ya yini a can ba ke. Kusan yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da lalurar in ya girma, amma gwajin asibiti ne zai nuna, ba gwajin gida ba. Idan kuma Walid na da ƙani jariri, ki tambayi likita yadda za a fara ba shi gyaɗa tun kafin ki yanke da kanki.

Batun canza makaranta, maigidanki bai yi kuskure da ya kawo shi ba, amma sabuwar ma da gyaɗarta za ki tarar. Abin da zai raba miki gardama ɗaya ne. Idan hedimasta ya karɓi takardar likita, ya ba ki mutum uku, ya yarda allura ta zauna a buɗe, ki bar Walid inda yake, don malamar da ta ga abin da idonta ta fi wadda za a ba labari. Idan ya ce su ba sa taɓa allura, sai dai su kira iyaye, to ki ɗauke ɗanki a makon, kuma duk makarantar da kika shiga ki fara da wannan tambayar tun kafin ki tambayi kuɗin zango. Kafin a gama duk wannan, ko zai ɗauki mako guda, ya zauna a gida ki karɓo masa aikin aji. Ki rubuto mini in ji yadda kuka yi da hedimastan.